Kwanakin da Kwale-kwale Ba Ya Fita

Okayama, 9 ga Afrilu, 1996

Yaya Tetsuji,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Yaya Fusae. Yaya ciwon bayan? A katin sabuwar shekara ta ce har yanzu kana ɗaukar kaya kamar ɗan shekara ashirin, kana kwanciya kamar ɗan tamanin. Mu nan lafiya lau. Itatuwa sun yi fure, gari duk ya fita ya zauna a ƙarƙashinsu yana cin shinkafa mai sanyi. Na san ku can a tsibirin Rebun dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa a bayan gida ba.

Takarda na zaɓa domin in na buga waya ba ka cewa komai sai "to" da "uhm", ni kuma na gaji da sauraren numfashinka daga wancan ƙarshen ƙasa.

Maganar Baba ce. Ranar Talatar da ta wuce na kai shi wajen likitan ido. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa. Likita ya ce kafin tsakiyar hunturu mai zuwa haske da duhu kawai zai iya bambancewa. Baba ya sunkuya ya yi masa godiya kamar wanda aka nuna wa hanyar tasha. Sai da muka zauna cin abincin dare ya tsokani kifin da na gasa, ya ce, "Wannan ya mutu tun kafin a haifi mai sayar da shi." Na ce in bai yi masa ba akwai ƙwai. Ya ce, "Kifin hokke nake so in kama da hannuna, sau ɗaya, tun ina iya ganin abin da na kama."

Shekara tara yana gidana, Yaya, bai taɓa ambatar tsibirin ba. Ko a labaran yanayi aka nuno arewa, tashi yake ya tafi ba wa shuke-shukensa ruwa.

Shi ya ma zaɓi lokacin. Ya ce, "A yi shi a kwanakin bikin Obon, ai nan ne mijinki ke samun hutu." Mitsuaki ya kusa hawaye, wai surukinsa ya tuna da shi. Tun daga ranar mijina ya zama wani mutum dabam. Ya zana jadawalin tafiya da biro kala uku: ja na jiragen ƙasa, shuɗi na jirgin fito, kore na "kallon wurare". Za mu kwana a Sapporo, mu kwana a Wakkanai, mu je tsinin Soya ya karɓi takardar shaidar cewa ya taka ƙarshen ƙasar nan. Ya ware minti arba'in na kallon furanni a kan tuddanku, minti ashirin na hangen tsibirin Sakhalin a tsallaken teku. Na ce in hazo ya rufe fa? Ya ce bai sa hazo a jadawali ba. Ya kuma sayo sandar fatsa mai sheƙi, mutumin da ko kwaɗo bai taɓa kamawa ba. Za mu sauka a tsibiri ranar sha uku ga Agusta, mu taso da safiyar sha bakwai.

Yanzu abin da na yi ta kewaye. Ban manta ba, ka kuma san ban manta ba. Wata biyu bayan rasuwar Inna ka tsamo shi daga ruwa a bakin mashigi, ka karɓe makullin injin kwale-kwalensa ka sa a aljihunka. Shi kuma ya rantse a gaban mutane cewa ba zai sake taka wannan kwale-kwale ba. Tun ranar bai yi maka magana ba. Amma yau shi ya nema, kuma ba shi da wata bazarar bayan wannan. Ka fitar da shi, ko na awa biyu ne.

Ƙanwarka,
Chizuru

*

Rebun, 21 ga Afrilu

Chizu,

Na sami takardarki. Muna lafiya. Baya da sauƙi. Fusae tana gaishe ku.

Ƙanƙara ta narke. Ganyen kombu da muke cirowa a teku bana da alamar kyau, in iska ba ta ɓata shi ba. Ruwa ya fi na bara sanyi.

Na ji maganar idon Baba.

Ku zo. Ɗakinsa yana nan. Amma daga sha uku zuwa sha shida kwale-kwale ba zai fita su ba. Wannan ba sai na faɗa ba.

Ki ce wa Mitsuaki ya zo da riga mai kauri.

Tetsuji

*

Okayama, 2 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da bayanka ya yi sauƙi, na kuma ji daɗi ƙwarai da kombu yake cikin ƙoshin lafiya. Ka gaishe min da shi.

Na karanta wasiƙarka sau uku, abin da bai ɗauke ni lokaci mai tsawo ba. Ganyen teku ya sami layi biyu, idon mahaifinka ya sami ɗaya. Sannan ka duba kwanakin da za mu yi a gidanka, huɗu cif, ka ce a cikinsu ne kwale-kwale ba zai fita ba. Da sha biyu za mu zo, ina jin da tun sha biyu zai fara hutawa.

Bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Ka yi daidai da ka karɓe makullin. Da ba ka karɓe ba, da tuni mun binne shi kusa da Inna, ko ma ba mu sami abin binnewa ba. Na sani, Fusae ta sani, ina jin shi ma ya sani. Amma gaskiya kamar kifi ce, in ka riƙe ta a hannu shekara tara sai ta yi wari. Tsoho mai shekara tamanin da ɗaya ya haɗiye rantsuwarsa, kai kuma ka ce masa ya zo da riga mai kauri. A'a, ko wannan ma ba shi ka ce wa ba.

Ban gaya masa ba. Ya tambaye ni ko ka amsa, na ce ka ce mu zo, ɗakinsa yana nan. Ya ce, "Uhm." Wallahi ku biyun nan, in aka haɗa maganarku ta shekara ba za ta cika kati ɗaya ba.

Ba zan kai shi can ya tsaya a gaɓa yana jin warin teku ba. In kai ba za ka fitar da shi ba, zan rubuta wa maƙwabcinka Kumagai ya fitar da mu a nasa. Na san abin da gari zai ce. Ni ba a garin nake kwana ba.

Chizuru

*

Okayama, 24 ga Yuni

Yaya Tetsuji,

Da fatan kuna lafiya. Da gaske nake tambaya, domin mako bakwai ke nan ban ji daga gare ka ba. Nan damina ta sauka, komai ya yi laushi, har gishiri ya ƙi fita daga kwalba. Mitsuaki ya yi mura ya warke. Ni ina fama da takardun ɗalibai.

Na rubuta wa Kumagai kamar yadda na ce. Ya amso da ladabi mai yawa, ya tambayi lafiyar Baba har sau biyu, sannan ya ce a waɗannan kwanaki ba zai yiwu ba, kuma ya tabbata na gane. Na gane. Ban san kana da irin wannan iko a gari ba. Da ka tsaya takara.

Na buga waya sau biyu, Fusae ta ce kana teku. Muryarta kamar tana danne dariya ko kuka, ban tantance ba.

Abin da ya sa na sake ɗaukar biro shi ne wannan. Baba ya sa na sauko masa da tsohon gwangwaninsa daga saman kabad. Kullum da hantsi yana zama a baranda yana ɗaure ƙugiyoyi. Ba ya kallonsu, fuskarsa tana sama, yatsunsa ne ke gani. Ya ɗaure sittin da wani abu, ya jera su a jikin kwali. Mitsuaki ya zauna kusa da shi ya ce a koya masa, Baba ya shafa ƙullin da ya yi ya ce, "Wannan ko rigar wanki ba zai riƙe ba, ɗana." Mijina ya yini yana murna an ce masa ɗana.

Jiya kuma ya zuba shayi a gefen kofi, ya ci gaba da zubawa har ya ji ɗumi a gwiwarsa. Na kawo tsumma na goge.

Wasiƙata ta baya ta yi kaifi. Sana'ata ce gyara kuskuren mutane da jan biro, wani lokaci nakan manta in ajiye shi. Amma ban janye roƙona ba. Ka ce min wani abu, ko zagi ne.

Chizuru

*

Rebun, 7 ga Yuli

Malama Chizu,

Muna lafiya. Ba fushi ya hana ni rubutu ba. Wuƙa ta yanke ni a tafin hannun dama a farkon Yuni, ɗinki shida. Kafin nan kuma fushi ne, ba zan ɓoye ba. Fusae ta ce in bari ta rubuta, na ce a'a, ni aka zaga ni zan amsa.

Kumagai ya kawo takardarki rumfar da muke shanya kombu. Ya karanta ta a gaban mutum tara. Matarsa ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Wannan ce 'yar Genzo da ke koyar da tarihi a jami'a? To tarihin wace ƙasa?"

Chizu, Obon ne. Daga sha uku zuwa sha shida matattu suna gida. Ta teku suke zuwa, ta teku suke komawa. Ba wanda ke jefa ƙugiya ko koma a kan hanyarsu, ba a kashe mai rai alhali suna zaune tare da mu. Ba ni na hana Kumagai ba. Ko ki ba shi tsibirin nan kyauta ba zai fita ba. Kin manta Inna tana kama ki a bakin ruwa tana cewa za a ja ƙafarki? Kin tafi makaranta kina da shekara sha biyar, na sani, amma ban zaci har wannan kika bari a jirgin fito ba. Shi ya sa na ce ba sai na faɗa ba. Ashe sai na faɗa.

Baba kuwa ya fi kowa sani. Ina ɗan shekara sha ɗaya na saci fatsa na fita ranar sha huɗu, ya mare ni marin da har yau in iska ta kaɗa ina jin sa. Mutumin nan bai manta kwanakin Obon ba. Ki tambaye shi me ya sa ya zaɓe su.

Tunda kin ƙirga layukana, ga wasu ƙari. Daren da na karanta takardarki ta farko ban ci abinci ba. Washegari na fara yi wa Baba kujera a cikin kwale-kwalen, mai majingina da abin riƙewa hagu da dama, yadda ko ba ya gani ba zai faɗa ba. Wajen yin ta ne na yanke. Na sake fenti. Sunan da Baba ya rubuta a jikinsa da hannunsa ban taɓa ba, sai dai na bi shi da sabon baƙi.

Akwai fita ɗaya da ake yi. Ranar sha shida da la'asar sakaliya, kowane gida yana ɗaukar fitilar takarda ya kai ta bayan mashigi ya ajiye a ruwa, a raka baƙi. Ba ƙugiya, ba koma. Shekara tara ni kaɗai nake raka Inna. Hannu ɗaya a kan inji, ɗaya a kan fitila, sau biyu iska ta kashe min ita kafin in kai. Ana bukatar mutum na biyu. Fusae ruwa yana juya mata ciki.

Ranar sha bakwai da asuba kuma kowa yana fita su. Hokke yana nan. Amma jadawalin mijinki ya ce a lokacin kuna jirgin fito.

Shi ke nan. Hannu ya gaji.

Yayanki,
Tetsuji

*

Okayama, 15 ga Yuli

Yaya,

Sannu da hannu. Ka bar shi ya warke, kada ka tsoma shi a ruwan gishiri ka ce magani ne, na san halinka. Ka gaishe da Yaya Fusae, ka ce mata yanzu na san dariya ce take dannewa. Ka gaishe da matar Kumagai, ka ce mata tarihin Turai ne, kuma can ma ba su san ni ba.

Na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ina 'yar makaranta. A nan Obon ɗinmu awa biyu ne: mu je kabarin iyayen Mitsuaki, mu zuba ruwa, mu kunna turare, mu biya ta kanti. Ina iya faɗa maka ranar da aka naɗa sarakunan da ba su taɓa jin sunan tsibirinmu ba, amma na manta ranar da uwata ke zuwa gida. Ka yafe min maganar kifi mai wari. Ko da yake jimlar ta yi kyau, ka yarda.

Na sami Baba a baranda da gwangwaninsa. Na ce, "Baba, a kwanakin Obon ana su?"

Ya ce, "Wane mahaukaci ne zai yi su a Obon?"

Na ce, "To ai kai ka ce mu je a Obon ka kama hokke."

Ya ce, "Na ce ina so in kama hokke. Na ce mu je a Obon. Ke kika ɗaure su wuri ɗaya, da irin ƙullin mijinki."

Na zauna a ƙasa kusa da shi, na ce ba zan tashi ba sai ya gaya min. Ya daɗe yana murza zare. Can ya ce, "Dutsen kabarin uwarku, ni na zaɓi rubutun. Ban gan shi an kafa ba, na riga na taho. Ina so in karanta sunanta da idona." Na ce to me ya hana ya faɗi haka tun farko? Ya ce, "In ce wa? In ce wa wancan mai kan dutsen ina so in zo gidansa? Kifi kowa yana iya nema." Na ce ƙugiyoyin fa, sittin da wani abu? Ya ce, "Hannu ba ya son zama."

Ka ga dabarar tsohon? Ya zaɓi kwana huɗun da ba wanda zai ce masa hau, don ya je gida ya dawo rantsuwarsa ba ta karye ba. Ni kuma na yi wata uku ina yaƙi da kai a kan abin da shi yake gudu.

Sai na karanta masa wasiƙarka, duka, har da marin. Nan ya ce, "Shi ya ja wa kansa, da ma sau biyu ya kamata." Da na zo kan kujera ya ce, "Kujera! Ni tsohuwa ce a asibiti?" Na karanta masa maganar fitila. Na kai ƙarshe, na naɗe takardar, har na miƙe. Ya ce, "Sau biyu ta mutu masa?" Na ce haka ka rubuta. Ya ce, "Yana riƙe ta ta gefen iska ne, sakarai. Shekara tara matar nan tana komawa a duhu."

Ban gyara masa lissafi ba. Ka ga na fara koyon ajiye jan biro.

Da za mu ci abinci ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ki rubuta masa. Ba hawa kwale-kwalensa zan yi ba. Rakiyar uwarku zan yi, kuma ba a yin ta da ƙafa." Na ce to ranar sha bakwai fa? Ya ce kifin nan da na gasa ya fi na jiya muni.

Ban jira amsarsa ba. Na ce wa Mitsuaki za mu ƙara kwana biyu. Ya dubi jadawalinsa kamar an ce masa gidansa ya ƙone, don sai ya je ya sunkuya wa shugabansa ya roƙi abin da bai taɓa roƙa ba a shekara ashirin da biyu. Ya je, ya sunkuya, an ba shi. Ya dawo ya sake zana komai daga farko, ya sayo biro na huɗu, ruwan goro, ya rubuta a ranar sha bakwai: "Su, in Baba ya yarda." Ya soke minti ashirin na Sakhalin da kansa. Ban taɓa son sa kamar ranar ba, amma kada ka gaya masa. Ka dai taimaka ka sa wani kifi marar wayo ya kama ƙugiyarsa.

Za mu sauka da jirgin rana, ranar sha uku. Kada ka tsaya can nesa kana jira ya hango ka, ba zai hango ba. Ka matso ka yi magana. "Uhm" ma ta isa, zai gane ta.

A ƙasan nan akwai saƙo. Ya karɓi birona ya ce in ba shi wuri. Ya ci rabin shafi da layi ɗaya, harafi kowanne kamar tafin hannu, na ƙarshe ya zarce kan tebur. In ba ka iya karantawa ba, cewa ya yi: "Har yanzu kana ɗaure ƙugiya kamar igiyar takalmi?"

Ƙanwarka,
Chizuru

*

Rebun, 28 ga Yuli

Chizu,

Muna lafiya. An cire ɗinki. Kombu ya bushe da kyau, tunda kina tambayarsa.

Fusae ta shanya katifu. Na wanke dutsen Inna, na bi rubutun da fari don ya fito sosai. Na sayi fitila, babba.

Na karanta saƙon da kaina, ba sai kin fassara ba. Na san rubutun.

Ki ce masa har yanzu haka nake ɗaurewa. Sai ya zo ya gyara.

Tetsuji